Fitilar Manzo da Ƙwayar Kuza

Wata biyar ke nan ba wanda ya shiga rijiyar gabas da gari, can bayan Tabla, tun ranar da aka fito da gawar Kailu daga cikinta. Rani ya kai tsakiya, laka ta toshe idon ruwa, shanu na kwana a bakin kwalami suna kuka. Manzo, mahaifin Kailu, shi ne mai yasar rijiya a wannan yanki, ya kuma ce ran Talata zai sauka da kansa.

Ran Litinin ɗiyarsa Basiratu ta iso daga Yamai, inda take karatun kimiyyar sinadarai, rungume da wani ɗan kwali. A ciki akwai akwatin roba, a tsakiyarsa wata farar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Da garin kuza ta yi ta, ta gasa ta a murhun ɗakin gwaji. Sau goma sha ɗaya tana tsagewa kafin ta yi.

"Kamar tulu take, Baba," in ji ta, idonta a ƙasa. "Jikinta duk ƙananan ƙofofi ne da ido bai gani. Pil, wato batir, yana ɗumama ta. In mugunyar iska ta shiga ƙofofin, sai akwatin ya yi kuka."

Manzo ya juya abin a tafin hannunsa, ya mayar mata. "Shekara talatin ina zura fitila, ɗiyata. In ta mutu, ba a sauka. In tana ci, a sauka. Haka ubana ya yi."

Ta san haka. Ta kuma san abin da ubansa bai taɓa gani ba, wato injin jan ruwa da ake saukewa da igiya har tsakiyar rijiya, saboda tiyonsa bai kai ƙasa. Hayaƙinsa na barin wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari, kuma wuta na ci a cikinta lafiya lau. Mutanen gari sun ce zafi ne ya buge Kailu, Manzo ya karɓi wannan magana yana rayuwa da ita. In ƙwayar ta yi kuka gobe, zai gane abin da ya kashe Kailu. In ta bar ta a kwali, zai sauka. Ta daɗe zaune a tsakar gida tana kallon kwalin.

Da hantsi aka tayar da injin, ya janye ruwan laka, aka kashe shi aka jawo shi waje. Manzo ya ɗaura igiya a ƙugu, ya kunna tsohuwar fitilarsa ya zura. Daga sama ana hangen ɗan hasken, tsaye cak a gaba goma sha huɗu.

"Tana ci," in ji shi. "Bisimilla."

"Baba, dakata kaɗan."

Muryarta ba ta fita sosai ba, sai da ta maimaita. Sidi, wani makiyayi da shanunsa suka fi na kowa ƙishi, ya yi dariya. "Malamar Yamai, rediyo za ki kunna ma rijiya? Sa mata waƙa mai daɗi, ko ta ba mu ruwa."

Basiratu ta sa akwatin a guga, ta riƙa sakin igiya a hankali. Gaba biyar, shiru. Gaba takwas, shiru. A ta goma wani siririn kuka ya taso daga ciki, bangon rijiya na mayar da shi.

"Laima ce ta ruɗa shi," in ji Manzo.

"Na gwada shi da laima, Baba. Ba ita ba ce."

"To mi ne ne? Ga wuta can tana ci, kowa na gani!"

Sidi ya daina dariya. Ya je bukkarsa ya dawo da kaza, ya ɗaure ta a kwando. "Manzo, bari wannan ta riga ka. In ta dawo tana zagina, ka sauka."

Aka zura kwandon kusa da fitilar. An ji kazar tana ƙorafi, daga baya ba a ƙara ji ba. Da aka jawo ta, wuyanta ya langaɓe. Sidi ya yi ta hura mata iska da malfarsa, ba ta motsa ba.

Manzo ya leƙa. Fitilar na nan tana ci. Ya jawo ta da kansa, gaba ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye ta a bakin rijiya ya zuba mata ido.

"Ranar da Kailu ya sauka ma an tayar da inji," in ji shi.

Ya nuna fitilar da yatsa.

"Haka take ci. Na duba sau biyu. Ya ce mini, Baba, bari a jima. Na ce mishi wuta na ci, sauka."

"Ba ka sani ba, Baba. Ba wanda ya sani."

"Ke kin sani."

"Bayan ya rasu na sani."

Ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ƙullin ya ƙi, sai da Sidi ya taimaka masa. Basiratu ta nuna wa mazan yadda za su ɗaura zana su riƙa zura ta suna jawowa don iska ta sauya. Suka yi ta yi har azahar, kukan akwatin na raguwa, har ya ɗauke.

"Yanzu ana iya sauka," ta ce.

Manzo ya girgiza kai. "Ba yau ba. Gobe."

Ya hure fitilar, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya kama hanyar maƙabarta. Basiratu ta bi shi daga nesa, akwatin a hannu ɗaya, fitilar a ɗaya, ƙwanta da sauran zafi yana ƙona mata yatsu.