Sunan Yayana a Ƙafar Ɓera

"Ɓera fa! Duk duniya ka rasa wanda za ka yi wa Baba takwara da shi sai ɓera?" in ji Babban Yaya, yana dukan teburin falo har kofin shayi ya tuntsure.

"Yaya, ba na gida ba ne," in ji Auta. "Na daji ne, kuma ba a taɓa rubuta irinsa ba."

Ni ce goggonsu, ƙanwar marigayin, kuma tsakani da Allah ni na kunna wutar nan. Ran Talata na leƙa Auta a wajen aikinsa na jami'a. Ya shigar da ni wani ɗaki mai warin magani, ya jawo durowa yana ta murmushi. Ɓeraye ne a jere, busassu, an cusa musu auduga, kowanne da 'yar takarda ɗaure a ƙafa. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma sunan yayana ko daga nesa na san shi. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, an maƙala masa wani harafi a ƙarshe kamar wutsiya.

Mai ɗinki kaɗai na gaya wa, na ce ta riƙe mini sirri. Ta riƙe shi kuwa, har shagon aski. Ga matar Babban Yaya da ciki haihuwa yau ko gobe, likita ya ce namiji ne, kowa ya san sunan Baba za a sa masa. Yanzu Babban Yaya ko burodi ya fita saye sai a tambaye shi ko a tanadi tarko.

"Shekara shida ina auna haƙori da ƙoƙon kai da tsawon ƙafar baya," in ji Auta. "Baba ne ya nuna mini raminsa a gona. Ya ce, dubi tafin ƙafarsa, gashi gare shi, wannan ba irin sauran ba ne. A aikinmu babu girmamawar da ta wuce wannan."

"To, mun gode. Je ka goge."

"Ba ya goguwa, Yaya. In an buga suna a mujallar masana ya zauna ke nan. Ko ni da na raɗa ban isa ba."

Na ce bari in yayyafa ruwa. "Ai marigayin ma akwai ɓoyon gyaɗa a ƙarƙashin gado." Ko ƙuda bai yi dariya ba.

Sai uwarsu ta yi magana, ita da tun ɗazu take ninke ɗankwali ɗaya tana warwarewa.

"Shekara arba'in muna tare, bakina bai taɓa kama sunansa ba, don kunya. Yau wanda bai san fuskarsa ba zai kira shi gatsau, kuma ɓera yake nufi."

"Mama, har da ke?" in ji Auta.

Ta kau da kai.

"Yaron zai ci sunan kakansa na wajen uwa," in ji Babban Yaya. "Sunan Baba ka riga ka kashe shi a gidan nan. Kuma ranar da za a raɗa, kada in ga ƙeyarka."

Auta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kaina. Ya ɗauki mujallar da aka buga sunan a ciki, wadda ya kawo wa uwarsa a naɗe cikin takardar kyauta, ya cusa a hammata, ya fita, ya bugo ƙofar da ƙarfi.