Jan Makunni

Tana ɗinke bakin buhu a ɓangaren mata sai mai shara ta shigo ba mayafi, ta tsaya a kanta, ta kama hannunta. A nan mai ɗinkin ta lura injin niƙa ya yi shiru da tsakar rana, abin da wata biyu bai yi ba.

Mijinta ne ke riƙe da injin a kamfanin abincin kaji. A da, in ya toshe, kashewa yake yi ya zaro abin da ya maƙale. Sai sabon manaja ya zo da allo, yana rubuta buhunan da kowa ya cika. Ya ce tayar da inji ya fi cin wuta, kuma duk tsayawa buhu goma ne suka tafi. Maza suka koyi zura hannu inji na gudu. Ranar, hannun rigar mijinta injin ya kama.

Da ta fita takaba ta koma aiki, don baki huɗu na jiranta a gida. Ta tarar an ɗora ƙanin mijinta a kan injin.

"Matar yaya, wannan kallo fa? Kamar na sace miki kaza."

"Naɗe hannun rigarka," ta ce.

Sati bai cika ba ta ji ƙarar ta canza, ta koma gurnanin toshewar nan da marigayi kan kwaikwaya a gida yara na dariya. Ta leƙa. Ƙanin ya durƙusa, hannunsa na dosar bakin inji, manaja na tsaye da alli.

Ba ta san sanda ta tsallake buhunan ba. Ta danna jan makunni. Wurin ya yi tsit.

"Wa ya sa ki?" in ji manaja.

"Wanda kuka kai kabari."

"Ki kunna, ko ki ajiye allura."

"Allura taku ce. Wannan kuwa shi kaɗai ya rage wa tsohuwarsu."

Sai bakaniken kamfanin ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, tunda ya riga ya tsaya, bari in duba cikinsa."

Ya fito da rariyar ƙarfe a lanƙwashe, ya ajiye gaban allon.

"Ga mai cinye maka buhu. Tun yaushe nake roƙon awa ɗaya?"

Aka sa sabuwa, toshewa ta ƙare, lambobin allo suka hau. Manaja bai kore ta ba, bai kuma taɓa gaishe ta ba.

Har yau, kafin ta zura zare a allura, takan bi ta wajen injin, ta goge garin da ya rufe jan makunnin da bakin mayafinta.