Yatsan da Siminti Ya Cinye

Ranar da babban ɗana ya ce zai tsaya takarar kansila, ban yi masa faɗa ba. Abinci dai na kasa ci. Yaron gyaran waya yake yi a bakin tasha, kuma in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar ƙirga ƙuri'a, a kira sunansa a akwatin layinmu gaban maƙwabta, a ce bai samu komai ba.

"Ai zai zaɓi kansa," in ji uwarsa. "Da ni, biyu ke nan."

"Ni fa?"

"Kai kowa ya san ba ka da katin zaɓe. Sai a ce ubansa ma bai yarda da shi ba."

Washegari na tafi makarantar firamare inda ake rajista. Aka zaunar da mu a bencin yara, gwiwata tana taɓa haɓata. Da layi ya zo kaina, yarinyar da ke kan na'ura ta ce in ɗora babban yatsa a kan gilashi. Jar wuta ta kama. Muka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk ja.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Bulo nake bugawa."

"To, siminti ya cinye zanen. Na'ura ba ta ganin komai."

Wani mahauci a bayana ya ce, "A gwada na ƙafa mana."

Yarinyar ta ce in daina taɓa siminti, in riƙa shafa mai, in dawo kafin a rufe rajista.

Ga shi ana jiran bulo a wuraren gini. Na koma gida na faɗa musu. Da safe yaron ya bar teburinsa a rufe, ya zo ya ɗauki shebur. Ni kuma na zauna a kan bokiti, hannuwana cike da mai a cikin tsohuwar safa, ina cewa ya ƙara ruwa, ya rage ruwa. Ƙannensa mata suka koma kirana Ranka-ya-daɗe. Ko ƙofa buɗe mini suke yi, suna rusunawa.

Shi ke tura kurar bulo cikin unguwa. Ranar farko ya kusa take wata tsohuwa, don ba ta ji shi ba. Bayan 'yan kwanaki, daga inda nake zaune ina jiyo shi a layi na gaba: "A ba da hanya!" Ban taɓa sanin yana da wannan muryar ba. Wani tela ya tambaye ni ko shi ne na jikin fastar zaɓe da ke manne a bango. Na ce shi ne. Ya ce a fasta ya fi tsabta.

Ana gobe za a rufe na koma. Babban yatsan dama ya kawo koriyar wuta. Yarinyar ta ɗauke ni hoto ta ce, "Baba, ka kula da shi fa. Ranar zaɓe ma sai na'ura ta duba."

Na dawo gida ina riƙe da yatsan a sama kamar ƙwai. Na tarar da ɗan takara yana wanke hannu a bakin famfo. Na ce ya nuna mini. Yatsun duk sun saɓule, sun yi sumul.

Na tuɓe safar na ba shi.

Yanzu na koma kan bulo. Na naɗe babban yatsan da tsumma da leda, da sauran taran nake aiki. Bulon yana ɗan karkacewa. Wani magini ya zo yana ƙorafi, na ce ya yi haƙuri sai bayan zaɓe.