Rumbun Bawa a Buɗe

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina ta riga ta ci amanar Horo Birni sau biyu. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Amma kowa a garin ya san rumbun Bawa bai taɓa yin fayau ba, tun zamanin ubansa. Kullum da safe yakan kafa tsani, ya ɗaga murfi, ya sauko da kwando a rufe da faifai. Shi da matarsa Indo kaɗai suka san kwandon iska yake ɗauke da ita. Tuwon gidan daga kasuwar Bodinga yake zuwa, inda idon sani bai da yawa, a ƙarƙashin kayan jaki.

Ran kasuwar Shagari Bawa ya dawo da la'asar, ya tarar da taro a ƙofar gidansa. Ya zaci rasuwa aka yi. Da ya kutsa sai ya ga an zame danga, an fasa cikin rumbun daga sama har ƙasa, an shafe cikinsa da farar ƙasa. A tsakiya an rataye zangarniya ɗaya, wadda ba ta yi ido ba. Wani baƙo na ɗaukar hoto. Nuhu ƙanen Bawa, wanda ya karanto zane a Zariya, yana tsaye da laka har gwiwar hannu.

"Yaya, sannu da dawowa. Na leƙa jiya, na ga abin da kake ɓoyo. Hoton nan Legas za ya, wurin nunin zane-zane. Su gani da idonsu abin da fari ya yi muna."

"Su wa?"

"Masu mulki. Duniya."

"Duniya!" Bawa ya nuna taron da sanda. "Ga duniyata nan tsaye tana kallon cikina. Legas ta san sunana? Wa ya aike ka leƙa rumbun magidanci? Ko ɗan cikina bai hau tsanin nan ba!"

"Ba laihinka ba ne, Yaya. Ruwa ne ba su zo ba. Sama ta canza, hamada na matsowa. In kowa ya rufe, wa za ya kawo ɗauki?"

"Kai da ka ci wake da shinkafar gwamnati shekara da shekaru, kai za ka koya min yunwa? Rufin nan shi kaɗai ya rage min, shi ka fasa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ƙona masa rai. Maƙwabcinsa Muhammadu, wanda bara ya zo aron iri, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi rufa asiri, Malam Bawa," da irin muryar da ake yi wa mai makoki. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa na kallon ƙasa.

Bawa ya shiga ya ɗauko gatari. Baƙon ya rungume na'urarsa ya yi baya. Sara Bawa ya yi ta yi har rumbun ya zube gaba ɗaya.

"Indo, ɗaure kaya," ya ce yana haki. "Gobe cin rani za mu, Kudu."

"Yaya, gonar fa?"

"Ga ta nan. Ka zana ta."