Ɗigon da ke Shafin Godiya

Marijke ce ta dasa ɗigon da hannunta, amma ba ta taɓa ganinsa ba. Ƙwayar riɗi ma ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Yana laɓe a shafinsu na intanet, a shafin ƙarshe da ke cewa "Mun gode" bayan mutum ya sayi kyafaffen kifinsu. Duk lokacin da aka buɗe wannan shafi, sai ɗigon ya raɗa wa masu dandalin sada zumunta cewa talla ta jawo ciniki.

Da raɗar ɗigon nan ta hana yayanta Sjoerd sayar da rumfar kyafin da suka gada a bakin ruwa. Sai dai yanzu abin ya fara cin ta. Ɗigo yana cewa kasuwa ta buɗe, kwalayen da ake aikawa kuwa ba su ƙaru ba.

"Auta, wannan aljanin naki da kansa yake cinye kifin?" in ji Sjoerd, yana juya itace a murhu. "Mai son sayen rumfar nan fa ba zai jira mu har abada ba."

"Yaya, ka ƙara mini haƙuri."

"Haƙuri ai shi muke kyafewa yanzu."

Ta yi dariyar dole. Ta bincika komai. Ko ɓarayin intanet ne? Ko ita ta dasa shi a karkace?

Ran Lahadi ta hau keke cikin yayyafi, ta je shan kofi wurin mahaifinsu, Wiebe. Ta same shi bakin taga, ya ƙura wa waya ido.

"Baba, me kake kallo haka?"

"Innarku nake gaisarwa. Tun ranar da na bi tallarku na sayi kifi, na ƙi rufe wurin."

Ta leƙa. Shafin godiya ne. Ita ta ƙawata shi da tsohon hoton marigayiya mahaifiyarsu, tana dariya cikin hayaƙi, da kifi rataye a sanda.

"Kullum kake buɗewa?"

"Da safe, da bayan abinci, da duk lokacin da gidan ya yi shiru. Na ma tura wa ƙannenta, su ma suna dubawa. Laifi ne?"

Kofin ya yi sanyi a hannunta. Ashe duk cinikin da ta yi ta kafa hujja da shi, tsoho ne da surukansa ke gaida mamaciya.

"Ba laifi, Baba," ta ce.

Ta fita ƙarƙashin rumfar ƙofa, ruwa na ɗiga a kafaɗarta, ta kira yayanta.

"Auta, aljanin ya yi magana?"

"Ya yi, Yaya. Tallar ba ta kawo kowa ba. Ka kira mutumin." Ta waiga ta dubi tagar mahaifinsu. "Amma ka ce masa shafin intanet ba ya cikin cinikin."