Allurar da Iklima Ba Ta Samu Ba

Mutum uku ne suke son a yi wa Iklima allurar rage zafin naƙuda a ranar nan, kuma su ukun ne suka hana a yi ta.

Haihuwar fari ce, don haka tana gidansu a Gumbin Kure wajen goyon ciki lokacin da abin ya taso da hantsi. Uwarta ba ta biyo ta ba, kunyar 'yar fari. Goggonta Tani ce ta sa ta a mota zuwa wani ƙaramin asibiti a Jega. Kafin su sauka, uwar miji, Hajiya Azumi, ta iso daga Aliero da kwandon kaya. Mijin kuwa, Kamaluddeen, ya tsaya can bakin titi yana taya wasu zancen farashin albasa, wai shi bai ma san abin da ya kawo shi Jega ba.

Ungozomar asibitin, Sista Hanan, ta duba Iklima ta ce da saura. Sannan ta jero abin da ke akwai: ta riƙa zagayawa, a murza mata baya, a gasa mata ƙugu da ruwan ɗumi, ko kuma a yi mata allura a cinya wadda za ta sassauta ciwon. Amma allurar tana da lokacinta, in haihuwa ta matso ba a yin ta, don kada yaro ya fito numfashinsa da rauni.

"To, ya kike jin ciwon? Kina son allurar?"

Iklima na so. Tana so fiye da yadda ta taɓa son wani abu a duniya, har da Kamaluddeen ɗin. Ta ɗaga kai za ta amsa, sai ta ga surukarta a dama, goggonta a hagu. Ta sunkuyar da kai.

"Babu komi, Sista. Da sauƙi."

"Ɗiyan gidanmu ba su raki," in ji Goggo Tani, tana kallon Hajiya ta gefen ido. "Ni bakwai nih haihwa, ko tari ba a ji ba."

"Haka munka sani," in ji Hajiya Azumi. "Ni nawa tara, na huɗun ma ina daka yaz zo."

Ƙarya suke yi dukansu, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan da mu. Goggo Tani ganin yadda yarinyar ke murɗa zanen gado ya sa tausayi ya kama ta, amma in ta ce a yi allura, gobe a Aliero za a ce 'yar Gumbin Kure ta kasa. Hajiya Azumi kuwa ba ta manta ranar da ta ciji taɓarya ba, amma in ita ta fara magana, ta raina 'yar mutane a gaban danginta. Kowacce ta zauna jiran ɗayar ta fita kama ruwa. Ba wadda ta motsa, ko fitsari sai da suka riƙe.

Sista Hanan ta sake tambaya sau biyu, duk a gabansu, domin a makarantarsu an koya mata tambaya, ba a koya mata korar suruka ba. Sau biyun Iklima ta ce da sauƙi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Aka ba ta rubutu ta sha, aka murza mata baya da man zafi. Bayan dai ya sha murza.

Kiran azahar ne ya raba su da ɗakin. A wajen alwala Hajiya Azumi ta kasa daurewa.

"Tani, don Allah, mi za ya hana a yi ma yarinyag ga allurar nan? Wallahi zuciyata ta ƙare."

Goggo Tani ta saki buta. "Hajiya, tun ɗazu ke nika jira ki hwaɗi."

Suka koma da sauri, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya a bushe, kowacce na rige-rigen zama mai tausayi. Sista Hanan ta tare su a ƙofa ta ce lokaci ya wuce, ga kai nan ya sauko.

Iklima ta haifi namiji kafin la'asar, kuma gaskiya ne, ba a ji muryarta ba. Leɓenta na ƙasa ne ya biya. Tsofaffin biyu suka karɓi jariri suka yi baranda da shi, kowacce da waya a kunne. Ana jin Hajiya tana gaya wa Aliero cewa an kawo allura yarinya ta ƙi, Goggo na gaya wa Gumbin Kure cewa jini ba ya ƙarya. Kafin magariba an sami sabon ma'aunin da za a riƙa gwada 'yan matan garuruwa biyu da shi.

A ciki kuwa saura ɗinki, don ta ɗan ƙaru. Sista Hanan ta ɗauko wata ƙaramar allura mai kashe zafin wurin, ta tambaya ko tana so.

Iklima ta dubi dama, ta dubi hagu. Ba kowa. Sai a lokacin hawayen suka zubo.

"Yi min ita, Sista. In da hali ki haɗa da waccan ta ɗazu."