Hannun Malam Lubwama

Har yau in na tuna Malam Ponsiano Lubwama sai raina ya ɓaci, Allah dai ya ji ƙansa. Shi ne shugaban mawaƙan cocinmu a garin Masaka tun ina budurwa, ga shi yanzu har da jikokina. Ba ya son ganga, ba ya son piyano. Shi dai tsofaffin waƙoƙin Latin, irin waɗanda muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya, suna sarƙewa da juna kamar saƙar tabarma.

Da ka ya koya mana komai. Duk cikinmu ba mai iya karanta alamomin waƙa sai shi, kuma da yatsa yake nuna wa kowace murya lokacin shigarta. Sau nawa na ce masa, "Malam, ka koya wa wani mana, kai ma fa mutum ne."

"Nabatanzi, ke bakinki ya fi muryarki ƙarfi," in ji shi. "Kalli hannuna kawai."

To, muka yi ta kallon hannu har ciwo ya kwantar da shi, bai ƙara tashi ba.

Sabon Fada, limamin cocinmu, dama ya gaji da mu. Matasa sun daɗe suna so a ba su ibadar safiyar Lahadi su shigo da gangunansu. Fada ya kira ni ya ce, "Mama, ku rera wa Malam ranar jana'iza. In kun iya ba tare da shi ba, Lahadi taku ce. In ba haka ba, sai dai ku yi haƙuri."

Muka zaɓi waƙar da Malam ya fi so. Ko gwaji ba mu yi ba. Gwajin me, abin da ko cikin barci muna iya rerawa?

Coci ya cika maƙil. Maza suka fara, lafiya lau. Saura mu mata. Na ja numfashi, na ɗaga ido inda ya saba tsayawa, sai akwatin gawarsa na gani. Na tsaya jira. Wallahi jira na yi, da girmana da furfurata, ina jiran gawa ta ɗaga min yatsa.

Tereza da ke gefena ta mintsine ni. "Shiga mana!"

"Ke ki shiga!"

Rabinmu suka shiga, rabi suka biyo baya a guje. Maza suka rikice, suka yi tsit. Muka tsaya cirko-cirko, har ana jin ƙarar babur a titi.

Fada ya gyaɗa wa matasa kai. Ganguna suka tashi, coci ya ɗauka gaba ɗaya, har matar Malam tana rausaya tana share hawaye. Haka aka ɗauke shi a kafaɗa aka nufi ƙofa da shi, cikin kiɗan da ya fi tsana a duniya.

Ni ma na tafa. Da akwatin ya zo daidai inda nake, na ƙara ƙarfin tafin, don ya ji.